Littattafai uku kan 'yan matan Chibok: wanne ya fi faɗin gaskiya?

Jiya bayan la'asar a majalisarmu nan Ajingi, wani abokin aikina ya dage cewa duk littafin da Bature ya rubuta kan 'yan matan Chibok ƙarya ce, na ɗan gida kaɗai za a yarda da shi. Na ce Malam, wanne ka karanta? Shiru. To ni na karanta uku, kuma tunda hayaniya ta hana ni magana jiya, ga amsata.

Na Helon Habila, The Chibok Girls, ya fito a 2016. Ɗan Gombe ne, ya taka da ƙafarsa har Chibok, ya zauna da iyayen yaran. Ban kama shi da ƙarya ba. Amma ɗan siriri ne, kuma ya fito kafin a sako su 82 a watan Mayun 2017, don haka rayuwar cikin daji kaɗan ya taɓo. Lokaci ne ya ci shi.

Na Isha Sesay, tsohuwar ma'aikaciyar CNN, Beneath the Tamarind Tree, ya zo a 2019, ya bi rayuwar 'yan mata huɗu. Yana sa ƙwalla. Sai dai baiwar Allah ta cika mu da labarin kanta da na mahaifiyarta, har wani lokaci ka manta wa aka sace.

Wanda abokina ya fi zagi, wallahi shi ya fi nauyi: Bring Back Our Girls na Joe Parkinson da Drew Hinshaw, 2021. Sun dogara da abin da su Naomi Adamu suka riƙa rubutawa a ɓoye suna hannun Boko Haram. Rubutun yaran ne ya nuna cewa a daren 14 ga Afrilun 2014 injin buga bulo maharan suka je nema, sai daga baya suka yanke shawarar kwashe su 276. Sun kuma bi diddigin sulhun da Barista Zannah Mustapha da gwamnatin Suwizalan suka shiga, suka ce ban da kwamandoji 5 da aka saki, an biya Yuro miliyan 3. Gwamnati ta ce ba ta biya fansa ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda ake rubuta sanarwa. A Disambar 2020 aka kwashe yaran Ƙanƙara, aka sako 344, aka ce ko sisi ba a biya ba. Wata biyu da 'yan kwanaki sai ga Jangebe, 279, aka maimaita mana maganar. Ɗan bindiga yana komawa sana'ar da ba riba ne?

'Yata tana makarantar kwana, shi ya sa ban ɗauki wannan musu wasa ba. Malam, littafin yana wurina. Turo yaro ya karɓa, ka nuna min shafin da suka yi ƙarya, mu haɗu bayan sallar Juma'a.