ATISHAWAR KAKA A LAMBATA BA DUKA CE MURA BA

Da zarar ruwan damina ya ɗauke a ƙasar Gurara, watau wajen ƙarshen watan Oktoba, sai a ga mutane a Lambata da ƙauyukan da ke kewaye da ita sun kama atishawa ba ƙaƙƙautawa, idanu sun yi ja suna ƙaiƙayi, hanci yana zubar da ruwa. Abin da kowa kan ce shi ne mura ce ta sauyin iska. Ga wadansu kam haka ne, amma ga da yawa ba mura ba ce ko kaɗan.

Ciwon da ake magana a kansa shi ne wanda likitoci ke kira alaji, watau jikin mutum ya ɗauki abin da ba shi da wata illa tamkar abokin gaba, ya tashi yaƙarsa. A ƙasashen Turai da Amurka yakan taso ne bayan sanyi ya wuce, lokacin da itatuwa da ciyayi ke fure. A nan Nijeriya ta Arewa kuwa lokacinsa daban ne. Gamba da kyasuwa da sauran ciyayin daji suna fitar da kai ne a ƙarshen damina, su saki wani gari mai laushi irin bununin da manomi ya saba gani a kan gero da masara. Iska ce ke kwasar wannan gari ta watsa shi. Wanda jikinsa bai jitu da shi ba, da ya shaƙa sai jikin ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ne ke kumbura cikin hanci ya sa ido ƙaiƙayi.

Mutane sukan ɗora laifin a kan furen mangwaro, domin shi ne ido ke gani, hanci kuma ke ji. Amma fa ƙwari ne ke ɗaukar garin furen mangwaro daga wannan itace zuwa wancan, saboda haka bai cika yawo cikin iska ba kamar na ciyawa. Wani likita a birnin Mancesta ta Ingila, Charles Blackley, wanda shi kansa yake fama da ciwon, shi ne ya tabbatar a shekarar 1873 cewa garin furen ciyawa ne sanadi. Har ma ya riƙa aika gilasai masu danƙo sama cikin iska domin ya ƙidaya abin da ya manne musu.

Sa'an nan ga abin da ke biyo baya. Kafin ciyawa ta gama bushewa an shiga sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi ya tashi. Mafarauta da manoma su sa wa daji wuta. Daga nan hazon hunturu ya sauko da ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Hancin da ya riga ya kumbura ba ya samun hutu sai wajen watan Maris.

Bambanta shi da mura ba wuya. Mura takan yi mako guda ko kwana goma ta tafi, wani lokaci da zazzaɓi da ciwon jiki. Alaji kuwa ba ya zuwa da zazzaɓi, majinarsa tsinkakkiya ce kamar ruwa, yakan yi makonni, ya kuma dawo kowace shekara a lokaci guda. Sau da yawa ma gado ne a cikin dangi.

Inda hatsarin yake shi ne wajen magani. Lambata mararraba ce, hanyar Suleja zuwa Minna ta ratsa ta, ga kuma wadda ta nufi Lapai da Agaie da Bida, manyan motoci ba sa yankewa dare da rana. Direban da atishawa ta dame shi yakan tsaya ya sayi ƙwayar Piriton ya haɗiya, ya koma kan sitiyari. Ita wannan ƙwaya tana aiki ƙwarai, amma tana sa gyangyaɗi, an ma rubuta haka a jikin kwalinta. Alhali kuwa akwai wadansu irinta, kamar loratadin, da ba su cika sa barci ba. Wajibi ne mai kantin magani ya tambayi mai saye ko tuƙi zai yi kafin ya miƙa masa.

Wadansu kuma sai su sayi kafso na kashe ƙwayoyin cuta, alhali babu ƙwayar cutar da za a kashe; asarar kuɗi ce kawai, da koya wa cututtuka jure magani. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a shekarar 2018, ba shi da abin da zai yi wa wannan ciwo.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai ciwon fuka, watau asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da wannan ciwo, ya kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashen da magani ke wuyar samu. Yaron da ke tari cikin dare, ƙirjinsa na fito kamar sarewa, ba jiƙo yake bukata ba. A kai shi asibiti a Suleja ko Minna, a nemo masa maganin shaƙa tun kafin hazo ya sauko, a kuma hana shi kusantar masussuka da hayaƙin ƙonon daji. Rufe hanci da ƙyalle mai tsabta, da wanke fuska da canja tufafi bayan an dawo daga gona, su ma suna rage wahala.

A Ingila hukumar kula da yanayi takan sanar da yawan garin fure a cikin iska kowace rana idan lokacinsa ya zo. Hukumar NiMet ta Nijeriya ita ma takan yi gargaɗi game da hazo. Abin da Blackley ya yi da gilashi da danƙo shekaru fiye da 150 da suka wuce bai fi ƙarfin Jami'ar Fasaha ta Minna ko Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai ba. Da za su auna iskar Gurara damina biyu ko uku a jere, su ba gidajen rediyon jihar sakamakon, da mai fuka a Lambata ya san makon da zai tanadi maganinsa.