Sharhi: Katin bashi mai "ruwa sifiri", mafita ce ga 'yan ci-ranin Magarya ko tarko?

Da zarar bazara ta kama, wayoyin 'yan ci-rani ba sa hutawa. Daga Kwaya, Magarya da Dungas a jahar Damagaram, buƙatun kusan iri ɗaya ne kowace shekara: rumbu ya yi ƙasa, ana son takin zamani, akwai mara lafiya, ko kuma azumi da Sallah sun matso. Wanda ke aiki a Kano ko Libiya yakan turo abin da ya samu. Amma ɗan uwan da ke Amurka ko Ingila yana da wata ƙofa da sauran ba su da ita, wato katin bashi, musamman tayin da bankuna ke yi na mayar da bashi daga wani kati zuwa wani ba tare da kuɗin ruwa ba na wani wa'adi.

A ido, abin kamar rance ne na kyauta. Sai dai kafin mutum ya ɗora buƙatar gida a kan wannan tayi, ya kamata ya san yadda yake aiki, nawa yake ci, da kuma wanda zai biya idan lissafi ya ƙi.

Yadda tsarin yake

Mutum yana da bashi a kan katin banki na farko, wanda ake ɗora wa ruwa kowane wata. Sai banki na biyu ya ba shi sabon kati, ya biya wancan bashin a madadinsa, ya ce ba zai ɗora ruwa ba har tsawon wani lokaci. A Amurka wa'adin yakan kama daga wata 12 zuwa 21, a Ingila kuwa wasu katunan kan wuce shekara biyu. Ba a mayar da bashi tsakanin katuna biyu na banki ɗaya, kuma wanda ke da tarihin biyan bashi mai kyau ne ake ba tayi mai tsawo.

Bankin ba sadaka yake yi ba. Yana karɓar kuɗin mayarwa tun ranar farko, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na bashin, sannan yana sa ran wasu ba za su gama biya kafin wa'adi ya cika ba. A ranar da ya cika, abin da ya rage yana komawa kan ruwan da aka saba, wanda matsakaicinsa a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 tun 2023. A wannan shekarar ce ma jimillar bashin katunan Amurkawa ta zarce dala tiriliyan ɗaya, bisa alƙaluman reshen babban bankin ƙasar da ke New York.

Akwai kuskuren da sababbin zuwa ke yawan yi. Tura kuɗi gida kai tsaye da katin bashi, sau da yawa banki yana ɗaukarsa a matsayin cirar tsabar kuɗi, wadda ke da nata cajin, ruwanta ya fi tsada, kuma yana fara hawa tun ranar. Shi ya sa masu wayon abin suke tura albashinsu gida, su yi cefane da sauran hidimominsu da kati, daga baya su mayar da bashin da ya taru kan katin mai ruwa sifiri. Ko ta wace hanya aka bi, bashin yana wuyan mai katin shi kaɗai.

Lissafin da ya kamata a yi

Mu ɗauki misali. Matashi a Greensboro, birnin da 'yan Nijar ke da yawa a jahar North Carolina, ya mayar da bashin dalar Amurka 3,000. Idan dala tana kan sefa 600, kuɗin sun kai miliyan 1 da jika 800. Da cajin kashi 3 cikin 100, bashin ya zama dala 3,090. In wa'adin wata 15 ne, sai ya riƙa biyan dala 206 kowane wata kafin ya fita lafiya. Idan kuwa ya tsaya a kan ɗan ƙaramin abin da banki ya wajabta a wata, zai iya kai wa'adi da sauran dala 2,000 ko fiye a kansa. A ruwan kashi 24 cikin 100, dala 40 ke nan kowane wata, ba tare da uwar kuɗin ta ragu ba.

Wani abin lura shi ne, tsarin bai cika amfanar mai neman rancen 'yan makonni ba. Wanda ya biya cajin kashi 5 cikin 100 kuma ya mayar da kuɗin cikin wata uku, tamkar ya ci bashi ne a kan kusan kashi 20 cikin 100 a shekara. Ribar tayin tana fitowa ne ga mai bashin da zai ɗauki shekara guda ko fiye yana biya a tsare.

Jinkirin biya ma yana da nasa hukunci. Dokar katunan bashi ta Amurka ta 2009 ta ba banki damar ɗaga ruwa a kan tsohon bashi idan mutum ya yi kwana 60 bai biya ba. A Ingila, sharuɗɗan katuna da dama sun ba banki damar soke rangwamen idan aka tsallake biya ko da sau ɗaya. Sabbin sayayya da katin kuma ba lallai ne rangwamen ya shafe su ba.

Agogon banki da agogon gona

Haɗarin ya fi girma idan an ci bashin ne da niyyar kasuwanci a gida. Dabarar sananniya ce a kasuwannin Magarya da Dungas: a sayi gero, wake ko riɗi da kaka lokacin araha, a ajiye, a sayar idan tiya ta yi tsada. Amma banki ranar wata yake kallo, ita kuwa kasuwa ba ta da alƙawari.

'Yan shekarun nan sun nuna haka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka da Najeriya, wadda sai a watan Maris na 2024 Abuja ta buɗe ɓangarenta. Naira, wadda ake hada-hada da ita a garuruwan bakin iyaka, ta faɗo daga kimanin 460 kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A watan Oktoban 2024 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Duk wanda ya ci bashi da dala, ya zuba a hatsi yana jiran masu saye daga Jigawa ko Katsina, ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya ɓata masa lissafi.

Abin da ake da shi a gida

A Nijar katin bashi irin na Amurka bai yaɗu ba, yawancin katunan bankuna na cirar kuɗin da mutum ya ajiye ne. Rancen banki da na ƙananan cibiyoyin ba da lamuni yana da ruwa, kuma a 2014 ƙasashen UEMOA sun ƙayyade iyakarsa a kan kashi 15 cikin 100 ga bankuna, 24 ga ƙananan cibiyoyi. Akwai adashi, akwai asusun ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maradi a 1991, akwai kuma tsarin warantaj, inda manoma ke jinginar da amfanin gonarsu a ma'ajiya su karɓi rance har farashi ya tashi. Bambancinsu da katin waje shi ne, ana cin bashin da sefa a biya da sefa, kuma wa'adin ya fi dacewa da kaka da damina.

Batun riba

Ga mai karatu Musulmi akwai tambayar halacci. A zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka shardanta ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wasu malamai a ƙasashen Yamma sun sassauta saboda buƙata, bisa sharaɗin a biya a kan lokaci. Wannan magana ce da ya kamata mutum ya kai wa malamin da ya amince da shi kafin ya sa hannu.

A taƙaice, tayin yana iya rage wa wanda bashi ya riga ya hau kansa nauyi, matuƙar daga albashinsa zai biya, kuma ya raba kuɗin bisa watannin wa'adi tun ranar farko. Wanda kuwa yake jiran a sayar da buhunan wake a Dungas kafin ya biya banki a Amurka, ya ɗora sunansa ne a kan abin da ba shi da iko da shi. 'Yan uwa na gida su ma ya kamata su sani cewa ba duk kuɗin da suka karɓa a Nita ko Amana ba ne rarar albashi. Wani lokaci bashi ne, kuma idan tarihin biyan mai turowa ya lalace, hayar gida da rancen mota ma za su yi masa wuya, abin da zai rage abin da zai iya turowa baɗi.