Kafin a sauke bwat ɗin 504, a dubi ambiriyaji

Mun gaji da ganin abu guda a garajinmu: tsohuwar Peugeot 504 ta fara "garrr" wajen sa bitesi, nan take makanike ya ce a sauke bwat. Haba malam! Kuɗin cefanen wata ne fa.

Ga gwajin da ba ya cin ko dala. Ku kashe inji, ku sa bitesi ɗaya bayan ɗaya. In sun shiga sumul, amma da an tada inji an taka ambiriyaji sai gurnani, musamman wajen sa na baya, to ambiriyajin ne bai saki ba. Na 504 da man birki yake aiki. Ko man ya ragu, ko iska ta shiga tiyo, ko roba ta tsufa tana yoyo. Ku leƙa bayan feda, sau da yawa za ku tarar da wurin jiƙe.

In bitesi guda kaɗai ke kuka, kamar na biyu, mun yarda sinkiro ne, a buɗe bwat.

Ku kuma direbobi masu danna bitesi da ƙarfi don fasinja na jira a tasha, haƙoran bwat kuke ci. Motar da ta fito tun 1968, ba kowane shago ke da kayanta ba yau.