Martani: Azithromycin ba rigakafin ciwon huhun bakwaini ba ne

Masu kiran a ba kowane bakwaini azithromycin sun kafa hujja da Ureaplasma, ƙwayar cutar da jariri kan ɗauko daga uwa ta kumbura masa huhu. Ƙwayar tana nan, amma ina shaidar amfanin maganin?

Binciken AZTEC na Birtaniya, wanda ya fito a 2024, ya ƙunshi jarirai 796 da aka haifa kafin cika mako 30. Maganin bai rage ciwon ba.

To, huhun da bai ƙosa ba fa? Matsin na'urar numfashi da yawan oksijin da ke raunata shi fa? Wane maganin ƙwayar cuta ke gyara wannan? Ɗura magani barkatai ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani yake haifarwa. A sassauta na'ura, a wanke hannu, a ba da nonon uwa.