Kafin a sayi iskar gawonmu, a ji abin da aka auno a Amazon

Kowane ɗan firamare a ƙasar nan ya haddace cewa icce yana shaƙar iskar karbon, ya ba mu iskar da muke numfashi da ita. Duk ranar 3 ga Agusta, idan manya suka fito dashen itatuwa, wannan jimlar ce ake ta maimaitawa a lasifika. Ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce, kuma da wannan rabin ne wasu ke son su yi ciniki da mu.

Ɗaya rabin shi ne, icce shi ma yana numfashi, dare da rana, yana mayar da wani kaso na abin da ya shaƙa. Ganyen da ya faɗi ya ruɓe, kututturen da gara ta ci, ciyawar da wuta ta lashe, duk suna mayar da karbon sama. Daji ɗan kasuwa ne, akwai shiga akwai fita. Ba a sanin ko ya ci riba sai an haɗa lissafin biyu.

Wannan lissafin ne Luciana Gatti, masaniya a cibiyar binciken sararin samaniya ta Burazil, INPE, ta zauna ta yi wa dajin Amazon ita da abokan aikinta. Daga 2010 zuwa 2018 sun riƙa tayar da ƙaramin jirgin sama a wurare huɗu na dajin. Jirgin ya hau sama da mita 4,000, sannan ya riƙa saukowa a hankali har kusa da kan itatuwa, yana cika kwalabe da iskar kowane mataki. Sau 590 aka yi wannan hawa da sauka. Da yake iskar yankin daga tekun Atlantika take shigowa ta ratsa dajin, sai su gwada karbon ɗin da ta shigo da shi da wanda ke cikinta bayan ta ratsa. In ya ragu, daji ya sha. In ya ƙaru, daji ya zubar.

Sakamakon ya fito a mujallar Nature a watan Yuli na 2021, kuma bai yi wa kowa daɗi ba. Kudu maso gabashin Amazon ya koma yana fitar da karbon fiye da wanda yake sha. Can ne aka fi sare daji don kiwon shanu da noman waken soya. Da itatuwa suka ragu, ruwan sama ya ragu a watannin rani, zafi ya ƙaru, wuta ta sami abin ci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko an cire hayaƙin gobara daga lissafin, wancan ɓangaren bai fita daga asara ba. Itatuwan da gatari bai taɓa ba su ma suna mutuwa a tsaye.

To, ina ruwan manomin Magarya da dajin da ke ƙetaren teku? Ruwansa shi ne kasuwar karbon. Tsarin kuwa mai sauƙin faɗi ne: kamfanin da ke tayar da hayaƙi a Turai ko Amurka ya biya kuɗi a raya itatuwa a wata ƙasa, a ba shi takardar cewa an shanye hayaƙinsa, ya ci gaba da harkarsa. Duk cinikin ya dogara ne kan zaton cewa icce rumbu ne, a zuba a liƙe. Aikin Gatti ya nuna rumbun yana da ƙofar baya. Man da aka ƙona yau, wani kaso na hayaƙinsa zai yi ɗaruruwan shekaru a sama. Icce kuwa fari guda ko gobara guda ta isa ta mayar da abin da ya tara. Idan Amazon mai ruwa da koguna bai riƙe amanar ba, wa zai sa hannu a madadin aduwar Tanut?

Akwai kuma maganar yawa. A 2023 wasu masana ƙarƙashin Compton Tucker na hukumar NASA sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam, suka ƙirga itatuwan busassun yankunan Afirka da ke arewa da tsakiyar duniya, tun daga Atlantika har Bahar Maliya. Suka sami icce miliyar 9.9, wato kusan miliyan dubu goma, ɗauke da karbon tan miliyan 840. Adadin yana cika kunne. Amma duniya tana fitar da kusan tan miliyar 10 na karbon duk shekara daga man fetur, gas da kwal. Ku raba da kanku, kamar yadda nake sa ƴan ajina su yi a allo: duk itatuwan nan, da abin da suka tara tsawon rayuwarsu, daidai suke da hayaƙin duniya na kusan wata guda. Saboda haka duk wanda ya ce mana itatuwanmu ne za su ceci duniya, ko dai bai yi lissafi ba, ko kuma yana da abin sayarwa.

Kada a ɗauka ina raina icce. Babu abin da ƙasar nan ta yi a rabin ƙarnin da ya wuce da ya kai sassaben zamani. Tun daga shekarun 1980, bayan Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi, manoma suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa barin tsiro biyu ko uku suna gyarawa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Wanda ya bi hanyar Matamaye da rani ya ga gawo ya san ba tatsuniya ba ce. Sai dai ba don karbon suka yi ba. Sun yi ne don gawo yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa. Don kauci abincin bisashe ne. Don mace ta sami iccen girki ba tare da ta yini a daji ba.

Kuma a tuna abin da ya hana su yi tun farko. Muddin manomi yana ganin iccen gonarsa na gwamnati ne, in ya taɓa reshe ƴan gandun daji su ci shi tara, gara ya cire tsiron tun yana ƙarami. Da ya tabbata iccen nasa ne, sai ya raya shi. A nan ne tsorona yake. Yarjejeniyar karbon ta shekara 20 ko 30 ce, kuma ba a biyan kuɗin sai iccen yana tsaye. Ranar da fari ya zo, mai gona ya buƙaci sassabe reshe don awakinsa ko ya sayar da icce ya sayi tiya biyu ta hatsi, wa zai hana shi? In an hana shi, mun mayar da tsohon tsoro da sabon suna. In itatuwan suka mutu ba da laifinsa ba, wa zai biya bashin?

Ban ce kuɗin haramun ne ba. Talakan da ya raya icce ɗari bai ƙi ƴan jakunkuna ba, kuma ya cancanta. Abin da nake cewa shi ne a karɓe su a matsayin ladan aikin da aka riga aka yi, ba kuɗin jinginar gona ba. A karanta takardar da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, a gaban maigari da mata da makiyaya, a faɗi nawa ne zai tsaya a hannun ƴan tsakiya.

Sannan mu riƙe ma'aunin da hannunmu, don mai awo shi ke yanka farashi. Ba daga sifili za mu fara ba. A Wankama, gabas da Yamai, tun wajen 2005 masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da na jami'ar Abdu Mumuni suka kafa na'urori a kan gonar gero da kuma saurar sabara, suna auna ruwa da karbon da ke shiga da fita. Irin tambayar Gatti ce, a kan ƙasarmu. Abin da aka samo yana kwance cikin Faransanci da Ingilishi. Ina roƙon ma'aikatar ilimi da malaman jami'ar su fitar mana da shafi biyu ko uku daga ciki, da harshen da ɗan aji shida zai karanta wa mahaifinsa kafin masu takarda su iso ƙauyen.