Sharhi: Shin Kano za ta sake komawa birnin masana'antu?

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo da sassafe zai tarar da motoci maƙare da matasa daga Garo da Kabo da sauran garuruwan yammacin jihar Kano, sun nufi birni neman abin sakawa a bakin salati.

Shekaru arba'in da suka wuce, da yawa daga cikin irin waɗannan matasa masaƙu da majemu ne ke jiransu a Bompai da Sharada da Challawa. A yau kuwa akasarinsu na ƙarewa ne a dako, ko tuƙin A Daidaita Sahu, ko tsaron shago.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi aka haihu a ragaya, kuma ko ayyukan da ake ta ƙaddamarwa a 'yan shekarun nan za su iya sauya lamarin?

Tushen arziki

Kano ta yi suna a sana'a tun kafin zuwan Turawa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ziyarce ta a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus.

Isowar layin dogo a 1911 ta buɗe wani sabon babi. Manoma sun rungumi noman gyaɗa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka yi ta tara buhuna har aka samu shahararriyar dalar gyaɗa.

Wannan arziki daga karkara yake fitowa. Gyaɗa da audugar da ake nomawa a yankuna irin su Gwarzo da Kabo da Ƙaraye, tare da fatun awaki da tumaki, su ne suka ciyar da masana'antun farko na Bompai, na matsar man gyaɗa da jima da saƙa.

Bayan ƙirƙiro jihar Kano a 1967 da kuma bunƙasar kuɗin man fetur, an buɗe unguwannin masana'antu na Sharada da Challawa, har Kano ta zamo ta biyu bayan Legas wajen yawan masana'antu a Najeriya.

Yadda aka durƙushe

Rushewar ba a rana ɗaya ta zo ba, kuma daga gona ta faro. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa.

Daga nan farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗaɗen waje suka yi ƙaranci. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi.

A wannan shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, abin da ya bar manomin auduga ba shi da tabbacin farashi ko na ingantaccen iri.

Sai kuma matsalar wutar lantarki. Mai masana'anta a Kano na dogaro ne da janareta, ga tsadar ɗauko kaya a manyan motoci daga tashar jiragen ruwa ta Legas, tun da jirgin ƙasa ya ja baya.

Ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, da fasa-ƙwaurin atamfofin China ta iyakar Nijar, su ne suka ƙarasa lamarin. Masaƙu irin su Gaskiya da ke Kano suka rufe, kamar yadda babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007.

Kasuwa ta maye gurbi

Sai dai duk da haka birnin bai daina faɗaɗa ba. Kasuwar Kantin Kwari ta ci gaba da haɓaka, amma mafi yawan hajarta daga waje take zuwa, yayin da gine-ginen wasu tsoffin masana'antu suka koma ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su.

Masana tattalin arziki na cewa a nan gizo ke saƙar. Masaƙa ɗaya kan ɗauki dubban ma'aikata masu albashi, ta kuma sayi auduga a hannun manomin Garo. Dilan atamfar da aka shigo da shi kuwa, ribarsa tsakanin ɗan kasuwa da mai shago take tsayawa, ba ta isa gona.

Alamun farfaɗowa

A 'yan shekarun nan an ga wasu alamu masu ƙarfafa gwiwa. Masana'antun casar shinkafa sun yawaita, musamman bayan rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, haka nan kamfanonin robobi da na abinci sun ci gaba da aiki.

A watan Janairun 2023 an ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala da ke Zawaciki, da kuma tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 10 a yankin Challawa. An kuma soma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021.

Amma babban abin da masu masana'antu suka daɗe suna sa wa ido shi ne bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka soma a 2020, aka kuma sha ɗage wa'adin kammala shi.

Kafin nan kuma ga cire tallafin man fetur a 2023, da ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilun 2024, waɗanda suka ƙara wa masana'antun da suka rage nauyi.

Masu lura da al'amura na ganin cewa gadojin sama da manyan kantuna ba su ne ma'aunin farfaɗowa ba. Ficewar Shoprite daga Kano a farkon 2024 ta nuna cewa kanti ba ya ɗorewa idan aljihun masu saye ya bushe.

Tarihin Kano ya nuna cewa duk lokacin da birnin ya bunƙasa, da amfanin karkararsa ya bunƙasa. Don haka nasarar gas da layin dogo za ta dogara ne a kan ko za a samu masana'antar da za ta sake aika mota Garo ko Gwarzo sayen auduga da gyaɗa.

Idan hakan bai samu ba, motocin sassafe za su ci gaba da kwaso matasa zuwa birnin da ba shi da aikin ba su.