Kwikwiyo Ba Ya Ramewa Haka Kawai

Jama'a, wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu juya kan wata dabba wadda babu ƙauyen da ba ta, amma ba safai a kan ba ta fili a jarida ba. Watau kare, musamman ɗan kwikwiyo.

Kowa ya san yadda abin ya kan faru. Manomi ya karɓo kwikwiyo wurin maƙwabci don ya girma ya tsare masa garke da rumbu, ya kori birai daga gonar masara. Ko kuwa ɗan kasuwa ya kawo shi don gadin sito. Mako biyu ko uku yana ta tsalle-tsalle. Sa'an nan sai a ga ya soma ramewa, ciki ya yi kamar tulu, gashi ya mimmiƙe, yau zawo gobe amai, a ba shi tuwo ya shinshina ya kau da kai. In ka tambayi mai shi sai ya ce, "Ai ciwon nan ba a san kansa ba." Wani ya ce baki ne, wani ya ce jifa ce. Ran nan a wayi gari ya mutu, yara su ja shi zuwa juji, a nemo wani.

To, mu dai ba mu yarda da wannan magana ba. Mafi yawan ciwon da a ke cewa ba a san kansa ba, an san shi sarai, ba a dai bincika ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Kuma ba kwikwiyon kaɗai abin ya shafa ba, ya shafi tumakinka, ya shafi 'ya'yanka, kamar yadda za ka gani nan gaba.

Wani zai ce, kare ne fa, me ya kai mu wahala a kansa? Amsa ita ce, malamai sun gaya mana shari'a ta yarda a ajiye kare don gona da kiwo da farauta. Sun kuma ba mu labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Abin da ka ɗauko da hannunka ka kawo gida, ci da shansa da lafiyarsa suna wuyanka.

A FARA DA ABINCI

Kuskure na farko shi ne raba shi da uwa da wuri. Kada a karɓi kwikwiyo sai ya kai mako 7 ko 8. Nonon uwa na kwanakin farko shi ne garkuwarsa daga cuta, ba kuwa abin da zai maye gurbinsa.

Na biyu, sauran tuwo da ƙanzo ba abincin kwikwiyo ba ne. Tuwo yana cika ciki, amma ba ya gina tsoka da ƙashi. Babban kare ya kan yi yawo ya ƙaro da ɓera ko ƙadangare, ɗan ƙarami kuwa abin da ka sa masa shi ke nan. Shi ya sa za ka ga ƙafafunsa sun lanƙwashe, ya yi wata huɗu kamar ɗan wata biyu. Ba sai ka sayi abincin gwangwani ba. Ka dama kunu mai kauri, ko ka dafa shinkafa ko dankali ya yi laushi, ka haɗa da dafaffen nama ko kayan ciki, ko kifin da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai. Wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin ya zama irin waɗannan. A ɗan sa mai kaɗan, da ɗan garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka ya yi lilis, saboda ƙashi. Hanta kuwa kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako.

Cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar abincin yini a zama guda. A ba shi sau huɗu a yini har ya kai wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Ɗan ƙaramin da ya daɗe bai ci ba ya kan yi laushi, ya riƙa rawar jiki, har ya sume. In haka ta faru, a shafa masa zuma ko ruwan sukari a dasashi, a garzaya da shi wurin malamin dabbobi. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke masa, a kasko nasa na kansa wanda ba a haɗawa da na gida.

ABIN DA BA A BA SHI

Akwai abubuwan da mu ke ci lafiya, amma ga kare guba ne. Albasa da tafarnuwa suna fasa masa ƙwayoyin jini, ko ɗanye ko dafaffe, saboda haka sauran miya ba alheri ba ne gare shi. Goro, da kofi, da cakulan, suna iya kashe ƙaramin kare. Dafaffen ƙashin kaza ya kan tsage ya huda hanji. Ɗanyar madarar shanu ta kan sa da yawansu zawo, kindirmo kaɗan ya fi musu sauƙi.

Sai kuma abin da ya fi shafar manoma, watau hatsi da gyaɗa da suka yi fumfuna. Mun saba, abin da ya lalace a rumbu a zuba wa kaji da kare. Wannan fumfuna tana fid da wata guba mai cin hanta. A Ingila, cikin shekarar 1960, talo-talo wajen 100,000 suka mutu ba a san dalili ba, sai da masana suka bi sawu suka tarar garin gyaɗa ne mai fumfuna da aka kawo daga Brazil. Kare yana cikin dabbobin da gubar nan ta fi yi wa illa: ya daina ci, ido ya yi rawaya, ya mutu. Dafuwa ba ta kashe ta. Ka ga fa, ciwon da aka ce ba a san kansa ba, ashe daga rumbu ya fito.

Kada kuma a ba shi maganin ciwon kai ko ciwon jiki na mutane. Ƙwaya guda da ba ta komai ga babban mutum tana iya lalata hanta ko ƙodar kwikwiyo. Maganin ɓera da maganin feshin wake, a rataye su inda ba zai kai ba.

TSUTSA DA KASKA

Kwikwiyo mai katon ciki da siririn wuya, tsutsar ciki ce abin zargi na farko. Da yawa da ita a ke haihuwarsu, gama tana ratsawa daga uwa tun suna ciki, wata kuma ta hanyar nono. Akwai irin da ke kama bangon hanji tana shan jini. Ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne, in ka gan shi fari fat, jini ya ƙare, kada a kwana ba a nemi taimako ba. Ka'ida ita ce a ba shi maganin tsutsa tun yana mako biyu, a maimaita kowane mako biyu har ya kai wata uku, sa'an nan wata-wata har wata shida, daga nan kowane wata uku. A auna nauyinsa tukuna, don da nauyi a ke lissafin magani, ba da ido ba.

Kaska kuma ba jini kaɗai ta ke sha ba, tana sa masa cutar da ke kawo zazzaɓi da fitsari ja. A duba kunnuwa da tsakanin yatsu kullum. In ƙazuwa ta kama shi, kada a shafa masa baƙin mai ko kananzir kamar yadda wasu ke yi, yana ƙona fata, in ya lasa kuma ya shiga ciki. Akwai maganinta wurin malamin dabbobi. A wuraren da ke da ƙudan tsando, kare ma ya kan kamu da sammore kamar shanu, har idonsa ya yi fari.

Ga inda abin ya zo kan garkenka. In mahauci ya yanka dabba ya ga ƙululu mai ruwa a huhu ko hanta, sai ya yanke ya jefa wa kare. Karen ya ci ɗanye, tsila ta girma a cikinsa, ya yi kashi a makiyaya, tumaki su ci ƙwan tare da ciyawa, ƙululun ya sake fitowa a jikinsu. Yaron da ke wasa a ƙasa ya sa hannu a baki, shi ma yana iya ɗauka. Saboda haka kayan kwata sai an dafa, mai ƙululu kuwa a ƙone ko a binne da zurfi.

IN AN YI DUK BAI WARKE BA

Wani kwikwiyon za a gyara masa abinci, a ba shi maganin tsutsa, amma zawo da ƙaiƙayi su ƙi tafiya. To, nan ne a ke bukatar haƙuri da lura. Malaman ofis sun san amfanin littafi. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta abin da ya ci, da lokacin da ya yi amai, da kamannin kashinsa, da nauyinsa kowane mako. Dabba ba ta magana, wannan littafi shi ne bakinta gaban likita. A tafi da ɗan kashinsa na ranar a leda, a duba da madubin likita. Sau da yawa nan take a ke gane abin da aka yi wata guda ana ta canki-canki a kansa.

Akwai kuma karen da jikinsa ba ya karɓar wani abinci, kamar yadda wani mutum ba ya shiri da wake. Hanyar ganewa ita ce, da shawarar likita, a tsayar da shi kan abu biyu kawai, nama iri ɗaya wanda bai saba ci ba, da shinkafa ko dankali, har wajen mako takwas, ba a ba shi ko loma ta wani abu. In ya sami sauƙi sai a riƙa komo da sauran ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ta da ciwon, shi ne ɓarawon. Sai an gargaɗi yaran gida, in ba haka ba su za su ɓata aikin da ɗan ƙosai.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. Zawon jini mai wari tare da amai, wannan sau da yawa cutar nan ce da likitoci ke kira farbo, wadda ta ɓulla a duniya cikin 1978, tana kuwa iya kashe kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku. Ka ja fatar wuyansa ka saki, in ta tsaya ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya ƙare. Haka nan majina da kwantsa da tari da farfaɗiya. Waɗannan duka akwai allurar rigakafinsu, ana farawa yana mako 6 zuwa 8, a maimaita har ya kai wata huɗu. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai kuma na jami'o'i a Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

HAUKAN KARE

Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba a wasa da ciwon kare. Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani lafewa ya ke yi, muƙamuƙi ya saki, miyau na zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada ka kuskura ka sa hannu a bakinsa. Ɗan kwikwiyo ma yana kamuwa, shi ne kuwa yara suka fi ɗauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da cutar nan kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Alhali kuwa tun 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro da allura. A nan gida ma, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke wurin tun 1924, ta daɗe tana haɗa allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, a sabunta kowace shekara. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari, cutar ta kan rasa hanya.

In kare ya ciji mutum, ko ƙwarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan. Toka gashin karen a shafa ba ya maganin komai. Karen kuwa a tsare shi kwana 10 malamin dabbobi na lura da shi, amma kada wanda aka ciza ya zauna jiran kwanakin nan.

To jama'a, a yi lissafi. Kuɗin maganin tsutsa da allurai bai kama ƙafar kuɗin rago guda da ɓarawo zai kwance ba, balle ran yaro. Muna roƙon masu unguwanni da dagatai su riƙa haɗa kan masu karnuka, a kira malamin dabbobi rana guda ya yi wa na gari duka. Wanda kuma ya san ba zai iya ciyar da kwikwiyo da yi masa allura ba, ya bar shi wurin uwarsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu. Sai mako mai zuwa.